Burtali a Tsakiyar Kamfanin Alhaji Kyari

Ranar da aka kai Alhaji Kyari Mai Riɗi makwancinsa, motoci sun cika Babura har mai keke bai samu inda zai raɓa ya wuce ba. An zo daga Kano, an zo daga Legas, an tsallako daga Nijar. A zaman makoki kowa ya faɗi abin da ya sani. Wani ya ce mutum ɗari shida ke cin abinci a ƙarƙashinsa, wani ya ce man riɗinsa har ƙasashen waje ana miya da shi, wani kuma, wanda na tabbata bai taɓa gaisawa da marigayin ba, ya fi kowa kuka. Ni ina bakin tabarma ina jin su. Sunana Muhammadu Lawal, shekara talatin da huɗu ina jan motarsa. Akwai abu ɗaya da babu wanda ya faɗa a wurin, ni kaɗai na san shi, kuma ni ma na ja bakina na yi shiru.

Alhaji ba ɗan asalin Babura ba ne. Iyayensa Barebari ne da suka taso daga gabas, kuma har ya koma ga Allah, idan ransa ya ɓaci da Barbarci yake faɗa. Da jaki ɗaya ya fara, yana bin rugage yana tallar kanwa, don shanu na son ta kamar yadda muke son gishiri a miya. Daga kanwa ya koma sayen riɗi mudu-mudu a kasuwannin Gwiwa da Yankwashi. Hannu kawai zai cusa a buhu ya gaya maka ko an yi wa riɗin haɗi da yashi. Da ya yi niyyar kafa injin tace riɗi da matsar mai, sai fili ya gagare shi. Wurin da ya dace, kusa da titi kuma kusa da ruwa, mazaunin wani Bafulatani ne mai suna Sama'ilu, tsohon abokin cinikinsa na kanwa.

A shekarar na fara yi masa aiki, lokacin duk dukiyarsa wata tsohuwar akori-kura ce da sai an tura take tashi. Ni na kai shi rugar. Aka zauna a gindin tsamiya, da liman da mai unguwa. Sama'ilu ya ce ya ba shi filin kyauta, shi zai matsa gaba da iyalinsa, amma akwai burtali da ya ratsa tsakiyar wurin. Burtali ita ce hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki tun kaka da kakanni, don su wuce ba tare da sun taɓa shukar kowa ba.

"Kada a toshe ta," in ji Sama'ilu. "Kai da na bayanka."

"Na ɗauka," in ji Alhaji. "Ni da na bayana."

Liman ya yi fatiha, muka shafa. Babu wanda ya kawo zancen takarda, don a lokacin idan ka nemi mutum ya rubuta maka abin da ya faɗa a gaban liman, zaginsa ka yi. Shaidu uku ne. Liman ya rasu, mai unguwa ya bi shi, ni ne na rage.

Kamfani ya girma har ya fi ƙarfin tunanin mai shi. Aka gina rumbuna da ofisoshi, tireloli na shiga suna fita, amma aka bar ƙofa biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, da fili fetal a tsakaninsu. Sau biyu a shekara shanu ke wucewa: bayan kaka idan za su gangara kudu neman ciyawa, da farkon damina idan za su dawo. Duk ranar da za su wuce, ko Alhaji yana Legas sai ya dawo. Ya sa a kashe injuna gaba ɗaya don ƙararsu na firgita maruƙa, ya tsaya a ƙofar arewa da kansa, garke na bin garke. Sama'ilu ne ke zuwa a ƙarshe, da ƙwaryar nono da matarsa Ma'u ta tatso. Alhaji ya sha, ya miƙo mini in sha, sannan a wanke ƙwaryar ya cika ta da kanwa, ya mayar wa Sama'ilu da hannu biyu. Manajoji su yi ta ƙunƙuni kan aikin yini guda da aka rasa da kashin shanu da ya cika fili. Amsarsa ba ta canzawa, tsintsiya yake cewa a ɗauko.

Za ka ce to ai ɗansa ya san duk wannan. Bai sani ba. Mu'azzam ɗan fari ne, kuma Alhaji mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari irin ta gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wannan yaron". Ba su taɓa zama su biyu suna hira ba. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can sai ƙasar waje, daga can sai ofishin kamfani na Legas, kusa da tashar jirgin ruwa. Ya san shanu na wucewa ta kamfanin ubansa, amma ya ɗauka son rai ne irin na tsofaffi, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Alhaji kuwa, a ganina, kullum yana cewa gobe zai gaya masa, har ciwon kwana uku ya ɗauke shi a tsakiyar damina.

Mu'azzam ba mugu ba ne, kada wani ya fahimce ni a karkace. Yaro ne mai ladabi, Baba Lawal yake ce mini, kuma ya hana ni tuƙi ya ce in zauna a ofis in huta. Ya dawo da babban aiki a hannunsa. Wasu masu saye daga ƙasar waje sun yarda za su riƙa ɗaukar riɗin kamfani na shekara biyar, da sharaɗin a gina sabon sashe, kuma dabba ko kaza ce kada ta kusanci inda ake sarrafa abinci. Masu duba tsafta za su riƙa zuwa ba sanarwa. Bayan sadakar arba'in da mako biyu magina suka fara aiki, kuma abin da suka fara toshewa ƙofar kudu da ta arewa ne.

Ina tsaye ina kallo aka ɗora bulo na farko. Na ce wa kaina bai kamata direba ya tari ɗan maigida da gyara ba, ƙasar kabarin ubansa ko bushewa ba ta yi ba. Na ce kara nake yi masa. Hakan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne tun kafin a gina sabon sashen an riga an ɗaukar masa mata ɗari biyu masu tsintar riɗi, kuma a cikinsu akwai 'yata Bahijja, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku a ɗakin da ke bayan nawa. Tun da mijin ya rasu ban ga tana dariya ba sai ranar da aka ba ta rigar aiki.

Bayan kaka shanu suka zo. Ban fita ba, na ce ciwon baya ya kama ni. An ce sun tsaya cirko-cirko a gaban katanga, daidai inda ƙofa take a da, sannan makiyaya suka juya su suka bi ta gonaki. An gama girbi, babu abin da za su ɓata sai kara, don haka babu wanda ya ce uffan. Washegari da safe na zaga bayan katangar, ban san ma abin da nake nema ba. A gindinta na tarar da ƙwarya, an rufe ta da faifai, an ɗora dutse don kada iska ta ɗauke. Na buɗe, nono ne.

Ashe Sama'ilu ya zo ya tarar an rufe masa hanya, bai buga ƙofa ba, bai nemi ganin kowa ba, ya ajiye nasa kamar kullum ya wuce. Wanda ya san Fulani ba zai yi mamaki ba, irin su Sama'ilu sun gwammace su rasa abu da su buɗe baki su roƙi abin da yake nasu. Na kasa shan nonon, na zuba shi a gindin wata bishiya. Ƙwaryar kuma na sa ta cikin riga na kai gida na ɗora a kan kwaba, inda ba zan riƙa ganinta ba. Wata shida tana can, kuma babu ranar da ban san tana can ba.

Sai ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya, manoma suka yi shuka. Daga Kazaure har kan iyaka gero ya fara tsirowa, babu tazarar da saniya za ta taka ba ta taka abincin wani ba. Wani dillalin shanu ya gaya mini ya ga garken Sama'ilu a gindin duwatsun Roni, suna tafe a hankali, kwana biyar ko shida su iso. Yanzu babu gonar da za a zaga. Ko dai su faɗa shukar mutane, kuma na ga abin da hakan ke jawowa, na taɓa ɗaukar wanda aka sara zuwa asibiti a motar Alhaji. Ko kuma su hau titi, su yi tafiya mai nisa tsakanin tireloli. Bayan wannan duka akwai mutumin da ke kwance a maƙabarta, wanda ya ce "ni da na bayana" a gabana. Idan aka tambaye shi alkawarinsa gobe kiyama, ni za a nuna.

Da hantsi na ɗauko ƙwaryar na shiga ofishin Mu'azzam, na ajiye ta a kan teburinsa, a kan takardu. Ya dube ta, ya dube ni. Na zauna a ƙasa duk da ya nuna mini kujera, na ba shi labari tun daga gindin tsamiya har gindin katanga. Bai katse ni ba.

"Akwai takarda, Baba Lawal?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Shaidu fa?"

"Biyu suna ƙasa. Na ukun ne a gabanka."

Ya daɗe yana juya ƙwaryar a hannunsa. Sannan ya tambaye ni abin da na fi tsoro, me ya sa sai yau. Na so in ce kara ce. Na ce masa kara ce da kuma Bahijja, ya zaɓi wanda ya ga dama ya riƙe ni da shi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya bayyana mini a natse cewa idan saniya ɗaya ta taka filin nan, masu saye za su janye, sabon sashe ya tsaya, kuma gina wani a wani wurin ba zai kasa shekara biyu ba. Daga nan ya ɗauki makullin mota ya miƙo mini, karo na farko tun da ya dawo.

Mun samu Sama'ilu a bayan Roni, zaune a kan buzu, ya tsufa har sandarsa ta fi shi tsayi. Mu'azzam ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, Baffa yake ce masa. Tsohon ya yi masa ta'aziyya mai tsawo, ya ce labarin rasuwar ya same su a makare, suna can cikin Nijar. Ni ko kallona bai yi da wata fuska ba, ya tambaye ni iyali kamar babu abin da ya faru, kuma wannan ya fi mari zafi.

Mu'azzam ya faɗi uzurinsa bai ɓoye komai ba. Ya ce zai turo tireloli su kwashi shanun su tsallakar da su, duk shekara, a kan kamfani. Sama'ilu ya yi murmushi. Ya ce akwai masu ciki, akwai maruƙan kwana goma, kuma shanunsa ba su taɓa hawa mota ba sai wadda za a kai mahauta. Ya ce ko da an ɗauki nasa, akwai wasu garke goma sha ɗaya da ke bin hanyar, wasu ma bai san masu su ba. Da aka tambaye shi to ta ina zai bi, ya ce titi, a hankali, abin da Allah ya rubuta zai rage shi zai rage.

"Ɗana, kada ka sa wa ranka damuwa," in ji shi. "Kyari bai taɓa saɓa mini ba. Abin da yake nawa a ciki na yafe masa, duniya da lahira, na yafe maka kai ma." Ya juya ya kalli shanun. "Sai dai hanyar ba tawa ba ce, tarar da ita na yi. Abin da ba nawa ba, ba ni da ikon yafe shi."

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Kazaure. Can sai Mu'azzam ya ce in gaya masa yadda ubansa ke yi ranar wucewar shanu, komai da komai, inda yake tsayawa da abin da yake sawa. Na gaya masa. Sai ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko Alhaji ya taɓa ambatonsa a wurin. Na ce duk shekara Sama'ilu sai ya tambayi ina yaron nan, shi kuma Alhaji sai ya kau da kai kamar bai ji ba, ya nuna ƙasa da sandarsa ya ce, "Yana karatu. Wata rana a nan zai tsaya." Na ga a madubi ya juya fuskarsa wajen taga, ni kuma na mai da idona kan titi.

Da muka shiga Babura ya ce in tsaya a maƙabarta. Ya shiga shi kaɗai, ya daɗe. Da ya fito ya tsaya a jikin ƙofar mota bai shiga ba.

"Gobe za a fasa katangar. Za a rufe sabon sashe, a sallami matan har sai mun gina wani. Ba zan iya ware kowa ba, Baba Lawal. Har da Bahijja."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Kwana biyu ana fasawa. Manajoji biyu suka ajiye aiki, suka ce yaron ya haukace, ya jefar da cinikin shekara biyar saboda kashin shanu. Masu saye suka aiko da wasiƙa mai ladabi suka janye. Matan sashen suka mai da rigunan aiki ɗaya bayan ɗaya, wasu na kuka, wasu na zagi, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ba. Da na yi magana ranar da aka ɗora bulo na farko, da an gina sashen a wani wuri tun farko, da babu wadda za ta mai da riga.

Ranar Laraba da hantsi shanun suka iso. An kashe injuna, kamfanin ya yi tsit har kana jin kukan tsuntsaye a kan rumbuna. Mu'azzam ya tsaya a ƙofar arewa, daidai inda na nuna masa, da hular ubansa da ta yi masa ɗan yawa. Wata tsohuwar farar saniya ce a gaba, ko tsayawa shinshina ba ta yi ba, ta shige kamar jiya ta bi. Garke ya bi garke har azahar. A ƙarshe Sama'ilu ya zo a kan jaki, don ƙafa ta daina ɗaukarsa, da sabuwar ƙwarya a cinyarsa. Mu'azzam ya karɓa ya sha, ya miƙo mini. Wannan karon na sha.

Sannan ya sa aka kawo tsohuwar ƙwaryar daga ofis, ya cika su duka biyun da kanwa, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya shafa bakin tsohuwar ƙwaryar da yatsa, ya ce Ma'u ta yi ta cigiyarta, ta ce ba a taɓa riƙe mata ƙwarya a gidan Kyari ba. Ya sa wa yaron albarka, ya kaɗa jakinsa ya bi shanunsa. Mu'azzam ya juya ya ce a ɗauko tsintsiya.

Da la'asar na koma gida. Bahijja na tsakar gida ta kafa kasko, tana suyar ƙosai, ta koma sana'ar da ta bari wata shida da suka wuce. Ta riga ta ji komai, a Babura magana ba ta kwana. Ta yi mini sannu da zuwa kamar yadda ya kamata, ta kawo mini ruwa, ta durƙusa har na sha. Ba ta tayar mini da maganar aikin ba, har yau kuma ba ta tayar ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon hannunta, inda mai ya fallatsa ya ƙona ta, tana ta juya ƙosan kanta a sunkuye.